A binciki kes-kes ɗinmu tun suna da rai, ba sai an garƙame ƙofa ba

Malam Edita, assalamu alaikum, ina gaisuwa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ya aiki ya ƙoƙari, Allah ya taimaka. Ni tsohon mushe ne daga nan Damagaram, na daɗe ina riƙe da alli kafin na aje aiki, kuma ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka in amayar da wata magana da ta daɗe tana cin raina, maganar asusun ajiya da bashi na haɗin gwiwa, waɗanda mu nan muke ce ma kes ko mutuwel, da yadda ake cin amanar talakawa a cikinsu, da kuma irin binciken da ake yi in abin ya fashe, wanda ni dai a ganina ihu ne bayan hari.

Ba labarin kanzon kurege zan ba ka ba, abin da ya faru a gabana ne. Ba zan kama sunan kes ɗin ba kuma ba zan kama sunan kowa ba, don ba tonon asirin wani ya kawo ni ba, waɗanda abin ya shafa sun san kansu. An zaɓe ni cikin kwamitin sa ido na wani kes a babban taron shekara, mu uku, kuma dalilin zaɓena ɗaya ne, an ce mushe ya iya faransanci zai iya karanta takardu. Shekara biyu cur aikinmu shi ne jera, wato manajan kes ɗin, ya kira mu bayan wata uku, ya shimfiɗa mana takardu a tebur, lissafi ya yi daidai sama da ƙasa, a kawo lemo, mu sa hannu, a ba mu kuɗin zama mu tashi. Wallahi ina faɗin wannan ne da nauyin zuciya don sa hannuna yana cikin abin da ya rufe ɓarnar, ban ci ko dala ba amma ban duba ba, kuma an ɗora ni wurin ne don in duba.

Abin da ya buɗe mini ido wata baiwar Allah ce mai tuyar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, na koyar da ɗanta a lekwal shi ya sa ta san gidana. Ta zo bayan la'asar da karnenta, wato ɗan littafin ajiyarta, a ƙulle cikin leda, ta ce mushe duba mini, ni dai ban yi boko ba amma na san abin da nake zubawa, kullum yaron kes yana zagayowa da moto in ba shi dala ɗari wata rana jika guda in kasuwa ta yi kyau, ya rubuta ya buga hatimi. Za ta aurar da ɗiyarta ta je ɗaukar kuɗin kayan ɗaki sai aka ce mata abin da ke cikin ordinater bai kai ko rabin abin da ke cikin karne ba. Na zauna na tara lissafin shafi bayan shafi har sau biyu, jika 185 ne a karne, hatimin kes ne, sa hannun ma'aikacin kes ne. Washegari na je na ce a buɗa mini kwant ɗinta, jika 60 da 'yan kai. Tun daga ranar barci ya ƙaurace mini, don na ce in an yi ma mutum ɗaya haka to mutum nawa ne ba su zo ɗaukar kuɗinsu ba tukuna.

Mu uku muka yi shawara ba tare da mun sanar da kowa ba, muka ɗauki dosiye ɗaya kawai daga cikin na bashin ƙungiyoyin mata, wata ƙungiya ta mata 12 a wani ƙauye kan hanyar Mirya, komi na dosiyen ya cika, fotokofin katin ɗan ƙasa, dangwalen yatsa, takardar yarjejeniyar in ɗaya ta kasa biya sauran su biya mata. Muka hau moto biyu muka je, muka sauka wurin mai gari muka gaisa muka karanta mishi sunaye. Malam Edita, tun suna na uku dattijon nan ya ɗaga hannu ya ce dakata, wannan ai ta rasu tun kafin damanar bara waccan. Biyu sun yi aure sun bar garin da daɗewa. Sauran da aka kira suka zo suka ce su dai wani ya zo ya karɓi katunansu ya ce za a rubuta su cikin masu samun taimakon taki da iri, suka dangwala, ba su ga taki ba ba su ga kuɗi ba, kuma ba su taɓa jin cewa ana bin su bashi ba sai yau daga bakinmu. Ɗaya daga cikinsu ta fashe da kuka tana cewa yanzu kenan jandarma za su zo su kama ta, da ƙyar muka lallashe ta.

To a takarda wannan bashin lafiyarshi lau, ana biyanshi kowane wata ba latti. Ta yaya matacciya ke biyan bashi? Sai daga baya muka gane dabarar, in lokacin biyan bashin bogi na farko ya yi sai a ƙirƙiro na biyu wanda ya fi shi girma, a biya na farkon da shi a ci ragowar, in na biyun ya nuna a buɗo na uku, haka ramin ke ta zurfi amma saman a share tas, duk wanda ya tsaya a biro ya duba takarda zai ce wannan kes ya fi kowane tsabta don ba mai latti ko ɗaya. Kuma ni yanzu in na ji an ce kes ba shi da mai latti ko ɗaya a garin da muka san yadda damana take yi mana, nan ne gabana ke faɗuwa.

Wannan shi ne abin da nake so in faɗa da babbar murya, ɓarnar kes ba a cikin biro ake ganinta ba. Wanda ya ci kuɗin shi ne ya rubuta takardar, to yaya za a yi takardar ta tona shi. Duk mai binciken da ya zo ya zauna ƙarƙashin fanka ya buɗa rajista ya gwada ta da abin da ordinater ya fitar, bai karɓi karne daga hannun mai ajiya ya gwada ba, bai taka ƙafa ya je ƙofar gidan wanda aka ce ya ci bashi ya tambaye shi ido da ido nawa ka karɓa, yaushe, wa ya miƙa maka, nawa aka cire kafin a ba ka, to wannan yawon buɗe ido ya zo, ya ci kuɗin misiyo ya koma. Mu da ba mu da ilimin kwantabilite, moto biyu da litar esans kaɗan suka nuna mana abin da shekara biyu na sa hannu ba su nuna ba.

Kuma hanyoyin cin kuɗin ba ɗaya ba ne, da muka fara tonawa sai ga su suna fitowa. Akwai aron suna, mutane na gaske ne suna da rai sun kuma san da maganar, wani mai hali ko wani ɗan kwamiti wanda doka ba ta ba shi damar ɗaukar kuɗi mai yawa ba sai ya tara yaran shagonshi da 'yan uwan matarshi kowa ya ɗauko da sunanshi ya kawo mishi, in ya biya shikenan in ya karye su ne a ciki. Akwai goron da ake cirewa, an rubuta maka jika 200 an miƙa maka 180 an ce sauran na dosiye ne kuma ba rasi, kai kuma da ke cikin matsi ba ka da bakin magana. Akwai littafin rasi biyu, ɗaya na kes ɗaya na aljihu. Amma wanda ya fi ƙona mini rai shi ne taɓa kwant ɗin da ya kwanta, ka san mu nan matasanmu da yawa suna tafiya, wani Libiya wani Aljeriya wani wurin haƙar zinariya ta Agadas wani Kano ko Legas cin rani, mutum ya bar ɗan abin da ya tara ya ce in na dawo in yi aure ko in sayi fili, shekara biyu uku ba wanda ya taɓa kwant ɗin, to mai hannu a ordinater ya san waɗannan sarai, ya san kuma na mamatan da magada ba su san da ajiyar ba, dukiyar marayu kenan fa. Har sito na warantaj bai tsira ba, wanda manoma ke aje gero da wake da gyaɗa lokacin kaka a ba su bashi a kai su jira tsada, an ce kwaɗo biyu ne makulli ɗaya wurin ƙungiyar manoma ɗaya wurin kes, to in masu makullan biyu suka haɗa baki fa? Sai a ƙirga buhun gaba a ce sito ya cika, ba wanda ya ce a sauke layi uku a soka a ga me ke baya.

Da muka rubuta rahotonmu muka kai ma shugaban kwamitin gudanarwa, dattijo ne da nake girmamawa, ya kama hannuna ya ce mushe don Allah a rufa asiri, in maganar nan ta fita gobe da safe kowa zai zo ya ce a ba shi kuɗinshi, kuma ba kes ɗin da ke iya biyan kowa rana ɗaya ko da ba a saci dala ba tunda kuɗin suna hannun masu bashi, kes zai faɗi, kai ne za a ce ka kashe shi. Gaskiya maganarshi ba ƙarya ba ce kuma ta tsaya mini a rai, na kwana ina juya ta. Amma abin da rufin asirin ya haifar shi ne waɗanda ke kusa da wuta suka ji ƙamshin maganar suka zare kuɗinsu a hankali a hankali, manya suka fita, aka bar mai ƙuli-ƙuli da mai kabu-kabu da mai garuwa suna ci gaba da zubawa kullum cikin rami. Ni na yarda ba a shelar irin wannan a kasuwa, amma tsakanin shela a kasuwa da yin shiru akwai hanya, ita ce a sanar da hukumar da ke da alhakin abin a ranar, ta zo ta karɓe makullai da takardu kafin kowa ya motsa. Mun aika takarda, watanni suka shuɗe kafin misiyo ta masu binciken hukuma ta iso, kuma kowa a kes ya san ranar zuwanta tun mako guda kafin ta zo. Da suka nemi dosiyoyin da muka lissafa sai aka ce wasu gara ta ci wasu ruwan sama ya jiƙa, ordinater kuma an ce ya lalace an kai gyara. Aka kama yaron da ke zagayawa da moto aka kai shi gidan kaso, shi ya ci ba na ce bai ci ba, amma yaron da albashinshi bai kai ya riƙe gida ba ba shi ke sa hannu a ba da bashin miliyoyi ba, dosiyen bashi sai ya bi ta hannun mai kula da bashi, ya bi ta kwamitin bashi, jera ya sa hannu, kesiye mai riƙe da kuɗi ya ƙirga, to duk waɗannan hannuwan ina suka shiga? Har yau ba a tara mu masu kes ɗin an ce ga abin da aka gano ba.

Kuma abin haushin, Malam Edita, ba doka ce babu ba. Ƙasashe 8 na UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, doka iri ɗaya suke bi kan waɗannan asusai, tun dokar da ake ce ma PARMEC ta shekarun 1990, aka zo aka sabunta ta a 2007, Nijar ta ɗauke ta a 2010. Ba wanda ke da izinin karɓar ajiyar jama'a sai da agirema, wato takardar izini, daga ministan kuɗi. Muna da hukuma sukutum ta sa ido kan wannan fanni, ARSM, tun 2007. Kes ɗin da ajiyarshi ko bashin da ya bayar ya kai miliyar 2 na sefa, babban banki BCEAO da hukumar kula da bankuna da ke Abijan su ma suna da hannu a bincikenshi, kuma BCEAO na da reshe a nan cikin garin Zinder. Doka ta ƙayyade bashin da shugabanni da ma'aikatan kes da na jikinsu za su iya ɗauka, duka-duka kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na dukiyar kes ɗin ta kanshi, wannan ne ma ya sa suke fakewa da aron suna. Ruwan da ake ɗorawa ma an yi mishi iyaka, kashi 24 cikin 100 a shekara tun 2014, kuma in ka haɗa goron da ake cirewa ba rasi za ka ga an tsallake iyakar nesa. Duk wannan yana rubuce. Amma Yamai kusan kilomita 900 take daga nan, kuma manyan da suka kai miliyar 2 su ne idon kowa ke kansu, ƙananan na unguwa da na Magarya da Matamai da Tanut da Gure su ne wurin da talaka ke kai dala ɗarinshi, su ne kuma ake daɗewa ba a leƙa ba. Hatta asusun lamunin ajiya na ƙasashen UEMOA, wanda ke biyan mai ajiya in ma'aikatar kuɗi ta rushe, iyakarshi jika 300 ne ga mai ajiya a irin waɗannan asusai kuma manyan nan ne ke ciki, wanda ya zuba a ƙaramin kes in ya faɗi sai dai ya jira a sayar da tebur da kujeru.

Ni roƙona ga hukuma ba mai tsada ba ne. A daina sanar da ranar zuwa. Mai bincike ya sauka da safe kafin a buɗe gishe, wato tagar karɓa da biyan kuɗi, ya ce a buɗe kofur, akwatin ƙarfen da ake aje kuɗi, a ƙirga a gabanshi, takarda da tsaba, ya gwada da abin da aka rufe da shi jiya, don in an san ranar zuwa aro ake yi wurin ɗan kasuwa a cika kofur kwana ɗaya a mayar mishi da yamma, wannan kowa ya sani. A ranar ya ɗauki kwafin abin da ke cikin ordinater ya tafi da shi, ya kuma duba mutum nawa ke shiga da lambar sirri ɗaya, don a namu kes ɗin lamba ɗaya ce kowa ke amfani da ita, in an goge ko an canja kwanan wata ba ka san hannun wa ba ne. Ya je banki da kanshi ya karɓo takardar abin da kes ke da shi can, kada ya yarda da wadda jera ya miƙo. Ya duba basussukan da aka bayar cikin watan Disamba dab da rufe lissafin shekara, da waɗanda aka biya yau aka sake bayarwa gobe ga mutum ɗaya, nan ake shafa ma lissafi hoda. Sannan ya zaɓi dosiye da hannunshi ba wanda aka zaɓo mishi ba, ya hau mota ba tare da ma'aikacin kes ya raka shi ba, ya je ƙauyen. In ma'aikacin kes ne ya yi mishi jagora ko ya yi mishi tafinta to an gama, za a kai shi gidan da aka shirya. Shi ya sa mai binciken da za a turo Damagaram ya kamata ya ji Hausa, in Gure ko Tanut ne a samu mai jin Barbarci ko Buzanci ko Fillanci wanda ba ya cin abinci a kes ɗin. A kuma yi shela ta rediyo, muna da su Anfani da Shukura da gidajen rediyon karkara, a ce duk mai karne ya kawo ranar kaza a gwada da rajista, ko sau ɗaya a shekara, wannan kaɗai zai sa mai littafin rasi biyu ya shiga taitayinshi. Wani abu kuma da na lura, jeranmu shekara da shekaru bai taɓa ɗaukar hutu ba, muna ta yaba mishi muna cewa ga mai son aiki, ashe ba ya iya barin kujerar ne ko na mako biyu don wanda zai zauna a kai zai gani. A tilasta hutu, wani daga waje ya riƙe.

Amma kuma a yi adalci, don ba duk kes ɗin da ya shiga matsala ne aka sace ba, ba kuma duk wanda ya kasa biya ne ɓarawo ba. Mun ga abin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, aka sa ma Nijar takunkumi, aka rufe iyaka da Najeriya, kuɗi suka yi wuya a bankuna, ɗan kasuwar da ke bin hanyar Kano da Daura ya zauna wata da watanni har aka ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, ga naira ta faɗi ta cinye jarin masu yawa. Mun ga ruwan 2024 da ya rusa gidaje har tsohon masallacin Birni ya faɗi. Mutumin da gidanshi ya zube ko gonarshi ta nutse in ya yi latti ba a haɗa shi da wanda ya ƙirƙiri sunan matacce. Matsalar ita ce maciya amana suna fakewa da waɗannan masifu, duk ramin da suka haƙa sai su ce takunkumi ne, ambaliya ce. Wa zai raba tsakanin biyun in ba wanda ya je ya gani ba? Bincike na gaskiya shi ne ma ke wanke ma'aikacin kirki, kuma akwai su da yawa, na san waɗanda ke yawo cikin rana kan moto da kuɗin mutane a jaka ba su taɓa cin dala ba, yau ana yi musu kallon ɓarayi saboda laifin wasu.

Mu ma masu ajiya sai mun faɗa ma kanmu gaskiya, in ɓera da sata daddawa ma da wari. Kes namu ne, wanda ya biya kuɗin shiga ya sayi hannun jari yana da ƙuri'a ɗaya daidai da ta alhajin da ya aje miliyan, amma ranar babban taro mutum nawa ke zuwa? Waɗanda suka zo ma sai a karanta musu rahoto da faransanci, shafi ashirin, kalmomin da ni da na koyar da faransancin sai na yi da gaske, a ce wa ya yarda a ɗaga hannu a tafa a raba lemo. Muna zaɓen ɗan kwamiti don dattijo ne ko don yana da gemu ko don surukin wane ne, kuma muna jin kunyar tambaya, in ka ce a nuna maka takarda sai a ce ba ka yarda da mutane ba, kai wane irin mutum ne. Alhali ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu take, to in Ubangiji ya ce a rubuta a kafa shaida ina abin kunya a ce a nuna rubutun. Ina roƙon malamanmu su taɓo wannan a wa'azi, ana yawan maganar ruwa halal ne ko haram, mutane da yawa ma shi ya hana su shiga kes kuma ina girmama wannan, amma cin ajiyar marainiya ba a yi saɓani a kanshi ba, a yi maganarshi shi ma. In abu ya fashe kuma sai dangi su taso a je a yi sulhu a zaure, a ce zai biya sannu a hankali, a bar ma Allah. Sulhu alheri ne tsakanin mutum biyu, amma kuɗin mutum dubu wa ya wakilta ka ka yafe? A fara ƙirga ɓarnar a san nawa ne, a riƙe gida da fili da motar da aka saya da kuɗin kafin a mayar da su sunan mata ko ƙane, in ya so a yi maganar sassauci daga baya gaban alƙali.

Abin da ke ba ni mamaki, matanmu na karkara sun riga mu gane wannan. Tsarin Mata Masu Dubara da aka fara a jihar Maradi a 1991 tare da ƙungiyar CARE, wanda yau ya bazu ƙasashe da yawa, ba su da ordinater ba su da kwantabul, akwati ne da kwaɗo uku makullai a hannun mata uku, ba a buɗe shi sai kowa na zaune kan tabarma, a ƙirga da ƙarfi kowa na ji, a faɗi abin da ya shiga da abin da ya fita, mako mai zuwa kafin a buɗe a tambayi taro nawa muka rufe da shi. Ban ce ba a taɓa samun matsala a cikinsu ba, amma ɓarna ba ta iya kwana shekara biyu a wurin da ake ƙirgawa gaban kowa. Mu da muka gina biro muka sa gilashi da gishe sai muka ɗauke lissafin daga idon masu shi muka mayar da shi harshen da ba su ji. Me zai hana a wajabta ma kowane kes ya karanta lissafinshi da Hausa a babban taro, a faɗi a fili nawa 'yan kwamiti da ma'aikata suka ɗauka bashi kuma nawa suka biya, a liƙa takardar agirema a bakin ƙofa da lambar talho ta hukuma wadda mutum zai kira in ya ga ba daidai ba, a kuma ɓoye sunan wanda ya kira. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci don sau da yawa ƙaramin ma'aikaci ya sani sarai, tsoron kora ne ya rufe mishi baki, mu ma wata yarinya ce mai rubutu a gishe ta nuna mana dosiyen da za mu ɗauka, kuma ba ta kai ƙarshen shekara a wurin ba.

Tun 2023 an kafa COLDEFF don bin dukiyar ƙasa da aka ci, muna jin ana ƙwato kuɗi, madalla. Amma kuɗin mai ƙuli-ƙuli ba ya cikin baitulmali, ba wanda zai yi shelar shi a telbijin, ga mai shi kuwa shi ne duk abin da ta mallaka. Ina roƙon mai shigar da ƙara na kotun Zinder da hukumar ARSM, duk dosiyen kes da ke kwance a tashe shi, wanda aka gama a fito a faɗa ma masu ajiya sakamakon, ko da sakamakon shi ne ba abin da za a samu, a faɗa musu nawa ya ɓace, ta wace hanya, wa aka samu da laifi, me aka ƙwato, wa za a fara biya. In an zo biyan kuma a fara da ƙananan masu ajiya.

Kai kuma Malam Edita ina roƙon ka turo wakilinka, kada ya tsaya biro wurin jera, ya zo ranar Alhamis kasuwar Dole ya zauna wurin mata masu man gyaɗa da masu tabarma da 'yan kabu-kabu ya ce wa ke da karnen da ba ya iya ɗaukar kuɗinshi, ya ga hannu nawa za su tashi, ni zan raka shi in ya so har ƙauyen da muka je. Ita baiwar Allah da na ba ka labari an yi auren ɗiyar da gado da katifa na aro daga wurin yayarta, karnen na nan cikin ledarshi, duk ranar da ta biyo ta ƙofar gidana za ta tsaya mu gaisa ta ce mushe an ce wani abu? Jiya ma ta tambaya.

Wassalam, naka mai karanta jaridarka kullum,
wani tsohon mushe, unguwar Sabon Gari, Damagaram.